Goshin Inna Barakatu

Rabon Inna Barakatu da ta kai goshinta ƙasa tun takabar da ta yi wa marigayi mijinta, Malam Shitu. Kafin nan ma gwiwoyin suna kuka kamar tsohon ƙyaure, amma tana lallaɓa su, ta shanya gero, ta yi sallarta kamar kowa. Sai takaba ta zo. Wata huɗu da kwana goma tana ƙuryar ɗaki, ko rana ba ta gani, don kuwa haka aka saba a gidansu. Ranar da ta fito, cinyoyin sun zube, ƙafafun sun ƙi ɗaukarta. Daga nan salla ta koma kan kujera.

Malamai sun ce ya halatta, ba ta kuma yi musu ba. Amma kewar sujada na cin ta. Tana kewar sanyin ƙasa a goshi, da wannan lokacin da take gaya wa Ubangiji abin da ba ta gaya wa kowa. Ko Zaliha surukarta ta gani ta yi sujada, sai ta kau da kai, hawaye ya cika mata ido.

Autanta Hayatu, ɗan kabu-kabu a Bukkuyum, ya goya ta zuwa asibiti a Gummi. Ma'aikaciyar, Malama Saratu, ta lallatsa gwiwar, ta matsa cinyar.

"Inna, abin da gwiwa ta cinye ba ya dawowa," in ji ta. "Amma naman cinya shi ka ɗaukar mata kaya, naki kuwa ya kwanta. Ga bitamin D, taimako ne ga wanda bai samun rana. Shi kaɗai bai isa ba hwa. Ki sha hantsi, ki miƙe ƙahwa ki ɗaga sau goma, ki taka."

Duk wannan bayani, ƙwayar kawai Hayatu ya ji. Yana isa gida ya kafa doka: ko buta kada Inna ta ɗauka. Ina zai sa kansa in aka ji tsohuwarsa na wahala yana raye? Yaron kirki ne, wallahi, kirkin nasa ne ma ya kusa gurguntar da ita.

Ita kuwa da ta ji ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, sai ta ja jiki zuwa gindin rumbu, inda hantsi ke sauka. Ta ɗaura ƙullin gero a idon sawu, ta ɗaga tana cije baki. Rana ta uku Zaliha ta kama ta.

"Inna! In ya ji hwa?"

"Wa za shi gaya mai? Zo nan ki ƙirga min, ɗiyata."

Haka suka yi ta yi, tun gero na gona har aka kai shi rumbu. Gwiwar ba ta bar ciwo ba, amma Inna ta fara miƙewa ba ta dafa bango ba.

Wata Juma'a da la'asar, a raka'ar ƙarshe, ta zame daga kujerar. Ta dafa ƙasa, ta sauke gwiwa ɗaya, ta sauke ɗayar, zafi ya ratsa ta har ƙugu. Goshinta ya taɓa ƙasa. Hayatu ya shigo daidai nan, ya zabura zai ɗaga ta, Zaliha ta riƙe masa riga. Inna ta daɗe a wurin, kafaɗunta na rawa, don maganar da ta tara tun rasuwar Malam da yawa take.

Da ta sallame, tashi ya gagara.

"Taho ka ɗaga ni," in ji ta. "Sauka dai ni na sauka da kaina."

Ya ɗaga ta, ya kai hannu zai share mata yashin da ya manne a goshi. Ta buge hannun.

"Bar min abina."