Muryar Mai Agogo

"Ba don ni ba ne," in ji Inna, tana matse tsumma a cikin kwano. "Tun safe yake nuna kunnensa, yana nuna gidanku. Muryarsa yake son ji."

Dakta ta dubi gadon. Mai Agogo, mijin Inna, maƙwabcinsu tun tana rarrafe, yana kwance da bandeji a wuya. Ciwon maƙogwaro ya cinye muryar nan da take tayar da layinsu kaf da safe. Shi ya laƙa mata Dakta tun ranar da ta shiga jami'a, ga shi har yau digirin bai zo hannu ba.

Bara, kafin ciwon ya ci ƙarfinsa, ta ɗauki hirarsa don bincikenta a kan masu sana'ar hannu. Tambaya ɗaya za ta yi, sai ya kwashe ta zuwa ƙuruciyarsa. Har waƙar da ya yi wa Inna lokacin samartaka ya rera, Inna na daga kicin tana cewa tsoho ba kunya.

"Bari in dubo, Inna," ta ce.

Cibiyar bincike ta jami'a ɗaki ne mai sanyi kamar firji, kwamfutoci jere reras. Nan aka horar da su Dakta yadda ake sarrafa amsoshin dubban mutane. Ka zare amsa daga cikin hira, ka cire suna da unguwa, ka ba mutum lamba, sannan ka goge muryar. Ita ta fi kowa iyawa, har tafi aka yi mata. Waƙar kuwa babu gurbinta a cikin tambayoyin, ita aka fara gogewa.

"Malam, ko a ma'ajiyarku babu kwafi?" ta tambayi wanda ya horar da su.

"Ko ɗaya," ya ce, da fara'a kamar an yabi ɗansa. "Alkawarin sirri muka yi wa mutane."

"Ai mai sirrin ne yake nema. Yana kwance, rai a hannun Allah."

"Allah ya ba shi lafiya. Amma mu yanzu ba mu san shi ba. Ke ma a ƙa'ida bai kamata ki san shi ba." Ya juya kujerarsa. "Af, akwai sabon horo mako mai zuwa, kada ki bari ya wuce ki."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta fito ko sallama ba ta yi masa ba.

Tun daga bakin layi ta hango takalma zube a ƙofar gidan, da shagon agogon a kulle. Inna ta ce duk motsin da aka yi a ƙofa sai ya ɗago kai, har ya daina ɗagowa.

Da masu ta'aziyya suka ragu, Inna ta kira ta ɗaki.

"Shi bai samu ji ba. Kunna mini, ni in ji."

"Babu, Inna. Na goge."

"Kuskure kika yi?"

"A'a. Haka aka koya mana."

Inna ta ce, "To me ya rage?"

Dakta ta buɗe kwamfutarta. Ta tace maza, ta tace tsofaffi, ta tace masu gyare-gyare. Layuka suka cika fuskar kwamfutar, duk lambobi, ta ja ƙasa ba su ƙare ba.

"Yana cikin waɗannan," ta ce.

"Wanne ne?"

"Ban sani ba."

Inna ta matso, ta ɗora yatsa a kan wani layi, ta ɗage, ta ɗora a kan na ƙasansa. Yatsan ya bar tabo a gilashin. Ta kama gefen mayafinta ta goge a hankali, agogunan bango suna ta bugawa.