Zailani da Babur Ɗinsa a Hanyar Lyon

Ranar Alhamis bayan la'asar Zailani ya baje kayansa a tsakar falo, har babu inda mutum zai sa ƙafa. Ga tanti a naɗe, ga bargon kwana, ga rigar ruwa da jibgegiyar rigar fata, ga sufanu da man sarƙa, ga darduma da 'yar buta. A gefe kuma ƙunshin kilishi ne da yaji da ya sayo a Château Rouge, unguwar 'yan Afirka a Paris, tsarabar Bukari, amininsa mai shago a Lyon. Ranar Asabar za a buɗe taron masu babura a wani fili a bayan garin, shi kuwa gobe da sassafe yake son kama hanya.

Zailani ɗan Damagaram ne. Karatu ya kawo shi Faransa, aiki ya riƙe shi. A wani kamfani yake, yana zana hanyoyin wayar lantarki na gine-gine, aikin da bai taɓa so ba, bai kuma taɓa ƙi ba. Abin da yake so a duniya babur ne. Wanda ke ajiye a garejin ƙasan gidansu, baƙi wuluk mai ƙugi kamar hadari, a mace ya samo shi, ya tashe shi da hannunsa, ƙusa bayan ƙusa. Kowace shekara sai ya hau shi daga Paris har Lyon, ya haɗu da Bukari, su shiga taron tare. Sauran watannin shekara jiran wannan yake yi.

A watan jiya ne likitar ido ta sa shi leƙa cikin wata na'ura, ta ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Ya zauna yana jiran hasken ya zo, ashe hasken ya daɗe yana zuwa yana wucewa ta gefe. Ta ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci gefen ganinsa, na hagun ya fi muni, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta ce ya ajiye tuƙi. Matarsa Sahadatou na zaune kusa da shi lokacin da aka faɗa.

Yanzu tana tsaye a ƙofar kicin ta harɗe hannu, tana kallonsa yana cusa kaya cikin jakunkunan gefen babur. Ya cusa, zip ya ƙi rufuwa, ya zazzage, ya sake farawa. Gumi ya jiƙa masa riga. Bargon kwanan ya ƙi shiga ko ta ina, har ya hau kansa da gwiwa yana danna shi kamar mai kokawa. Da ya miƙe, ya yi ƙwallo da butar, ta gangara ƙarƙashin kujera.

"Wa ya ajiye ta nan?"

"Kai ka ajiye ta, Malam."

Ya durƙusa yana neman safar hannunsa ta fata. Ɗaya na hannunsa, ɗayar ta ɓace. Ya ɗaga rigar ruwa, ya kakkaɓe darduma, ya sake zazzage jakar da ya sha wahala kafin ya rufe. Numfashinsa ya fara fita da ƙarfi. Sahadatou ta bar shi yana lalube har sai da ta kasa jurewa.

"Tana gefen gwiwarka ta hagu. Tun ɗazu tana nan."

Ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya gan ta.

"Yau safa ce," in ji ta. "Gobe idan mota ce fa?"

"Babbar hanya ce miƙe, Sahada. Gabana nake kallo, kuma gabana tas nake ganinsa. Zan riƙa juya kai. Ba zan yi gudu ba."

"Ba kai kaɗai nake ji wa tsoro ba. Wanda za ka banke fa? Shi ma yana da mai jiransa a gida."

"Sau ɗaya ne! Wannan kaɗai, wallahi, daga shi na ajiye." Muryarsa ta karye. Ya zauna dirshan a tsakiyar kayan, safar a hannunsa. "Kin san me ya rage mini? Ofis da Métro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. In na bar babur ɗin nan yau, a haka zan ƙare, ana ja mini hannu in tsallaka titi. Ki bar ni in yi sallama da shi a kan hanya, ba a cikin gareji ba."

"Ka gaya wa Yaya Bukari maganar idon?"

"Ba abin da zan gaya masa."

Sahadatou ta shiga ɗaki ta fito da makullin babur ɗin. Tun safe yana aljihunta. Ta ajiye shi a kan tebur, ta ajiye kwalbar maganin ɗigawa a ido kusa da shi.

"Na so in jefa shi a kwata," ta ce. "Amma kai ba yaro ba ne da zan ɓoye wa makulli. Na roƙe ka don Allah, na roƙe ka don iyayenka. Ba ni da sauran abin roƙo."

Ta koma kicin ta rufe ƙofa. Ya ji ta buɗe famfo, ya kuma san ba wanke-wanke take yi ba. Duk da haka ya ci gaba da ɗaure kaya.

Gari na wayewa ya sauka gareji. Ya ɗaure jakunkuna, ya ɗora tanti a baya, ya ja igiyar roba har ta yi tauri. Sahadatou ba ta sauko ba. Da ya fito titi ya ɗaga kai, labulen tagarsu a rufe.

Fita daga Paris ta kusa kashe shi da fargaba. Kowace mahaɗa sai ya juya kai hagu da dama kamar tsuntsu, wuyansa ya sage, na bayansa suna ta danna masa oda. Amma da ya hau babbar hanya, gari ya buɗe, injin ya daidaita ƙuginsa, sai zuciyarsa ta fara kwanciya. Gonakin inabi na wucewa, iska na dukan ƙirjinsa. Har ya fara gaya wa kansa likitar ta yi zuƙu.

Ya wuce garin Beaune kaɗan, wata babbar motar kaya ta rage gudu a gabansa. Ya duba madubi, ya ga hanya fayau, ya karkata hagu zai wuce ta. Bai ga motar da ke gefensa ba sai da ƙarar birki ta cika masa kunne. Farar ƙaramar mota ce. Matar da ke tuƙi ta kauce masa, gefen motarta ya goga da ƙarfen tsakiyar hanya, tartsatsi ya tashi. Babur ɗin ya yi rawa, ya kusa kifewa, Allah ya sa ya tsaya da ƙafafunsa.

A wurin hutawa na gaba suka tsaya su biyun. Matar ta fito tana ihu da Faransanci, tana cewa tun tuni tana gefensa, makaho ne shi? A kujerar baya wata tsohuwa ce, uwarta, ta dafe ƙirji tana haki. Ba wanda ya ji rauni. Zailani ya ce laifinsa ne, ya ba ta sunansa da na inshorarsa, ya yi ta ba ta haƙuri har ta gaji ta ja motarta.

Ya zauna a gefen kwalta, hular kwano tsakanin ƙafafunsa. Lyon ba nisa, amma ko kallon babur ɗin ya kasa yi. Da ƙyar ya danna lambar Bukari.

"Mutumina! Ka iso ina? Tukunya na kan wuta."

"Yaya, ba na gani."

"Me ka ce?"

"Idona. Ba na ganin gefe. Na kusa kashe wata mata da uwarta yanzu." Kuka ya ƙwace masa, irin wanda bai yi ba ko a ɗakin likita.

Bukari ya ce, "Kar ka taɓa moton nan. Faɗa mini inda kake."

Sai bayan azahar suka iso, Bukari da maƙwabcin shagonsa Salifou a cikin motar ɗaukar kaya. Bukari bai yi masa faɗa ba. Ya kama kafaɗarsa, ya daɗe yana kallon cikin idonsa kamar zai gano ciwon da kansa. Salifou ya buɗe bayan motar zai sauke katakon hawar da babur.

"Bar shi," in ji Bukari. "Moton nan bai taɓa shiga Lyon a bayan mota ba." Ya ɗauko hular kwanonsa daga kujerar gaba, ya sa aka kwance tantin daga bayan babur aka sa cikin mota, ya miƙa hannu. "Kawo makulli. Hau baya."

Zailani bai taɓa zama a bayan babur ɗinsa ba. Kujerar ƙarama ce, mai tauri. Ya riƙe rigar Bukari, ba ya ganin komai sai bayan hularsa, hawaye na bin kumatunsa a cikin tasa hular. A haka suka shiga Lyon, a haka kuma suka shiga filin taro washegari, cikin rugugin babura da ƙaurin nama. Mutane suka kewaye babur ɗin suna yabawa, Bukari na nuna Zailani yana cewa ga wanda ya gina shi. Zailani ya amsa tambayoyinsu, ya yi dariya inda ya kamata, amma bai ci abincin kirki ba.

Ranar Lahadi suka tura babur ɗin cikin sito a bayan shagon Bukari a unguwar La Guillotière, tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin manja.

"In nema masa mai so?" in ji Bukari.

"Ba yanzu ba, Yaya."

"To. Zan riƙa tayar da shi kar ya kwanta."

Jirgin ƙasa ya dawo da shi Paris. Tun a wurin hutawa ya kira Sahadatou ya gaya mata komai, ba ta ce masa uffan ba sai alhamdu lillahi. A tasha ya same ta tana jira, idonta a kumbure. Ta karɓi jaka ɗaya daga hannunsa, ta ji nauyinta, ta gyara riƙo.

"Yaushe ne zan koma wurin likita?" ya tambaye ta.

"Talata. Na ɗauki hutu."

Ya gyaɗa kai. Suka bi bayan jama'a suka gangara Métro.