Jan Inji Babu Kwano

"Ba zan sa shi a baya ba, Madrina."

Doña Cuca ta juyo a hankali, hannunta ɗaya a kan ƙofar bayan motar. Ta dubi Nayeli, 'yar baftismarta mai kiranta Madrina, ta dubi jan injin kwaɓa fulawa da ta rungume a ƙirji, sannan ta cire gilashinta ta goge da gefen riga.

"Kunnena ya fara tsufa, mija, 'yata. Me kika ce?"

"Na ce nawa ne. Da kuɗina na saya."

Safiyar Asabar ce a wata unguwa ta gabashin El Paso. Ƙofofin gareji a buɗe suke, masu gidaje sun baje kayan da suka gaji da su a kan tebura, kowanne da ɗan farashinsa a manne. Sauran matan da suka tsallako iyakar ƙasa daga Juárez sun riga sun shiga mota, amma babu wadda ta rufe tagarta.

Dokar motar Doña Cuca kowa ya san ta. Ba a biyan kuɗin mota. Ita ke zuba mai, ita ke biyan kuɗin gadar iyaka, mijinta Don Lencho ke tuƙi. Abin da ake biya shi ne suna. Duk abin da mace ta tsinto mai sunan babban kamfani, wandon Levi's ne, jakar Coach ce, kwanon Pyrex ne ko rigar sanyi ta Carhartt, bayan mota zai tafi. Doña Cuca za ta maida mata abin da ta biya, ranar Lahadi kuma kayan ya hau teburinta a kasuwar gwanjo. Marar suna kuwa na mai tsintuwa ne, ta tura shi ƙarƙashin ƙafarta.

Tun da kamfanin da Nayeli ke wa aiki a ɗakin gwaje-gwaje ya rufe, ta ajiye takardar digirinta a akwati ta shiga wannan mota. Ita kaɗai ke jin Turanci a cikinsu, ita ke cinikin, ita ke juya kwano ta karanta gindinsa. Bayan motar ya yi ta cika da idonta, ƙarƙashin ƙafarta kuma sai kofunan roba da labulen da rana ta cinye.

Yau wata tsohuwa mai shirin ƙaura wurin 'yarta ta fito da injin KitchenAid daga ƙasan tebur. Ta jona shi a bangon gareji, ya yi gurnani mai daɗin ji, babu ko tangarɗa. Ta zuba kwanon ƙarfensa da maburgansa a jakar takarda, Don Lencho ya karɓi jakar kamar yadda ya saba karɓar komai, Nayeli kuma ta ɗauki injin da kanta. A tsakanin garejin da motar ne ta ji hannuwanta sun ƙi saki.

"Zan biya kuɗin mai," in ji ta. "Tun makon jiya na faɗa miki ina so in fara biya, abin da na samu ya zama nawa."

"In kin biya yau, gobe Socorro ta biya, jibi na zama direbar haya. Motar nan da suna take tafiya, ba da canjin aljihunki ba."

"Ni dai ku bar ni a gefe, comadre, ƙawata," Socorro, ɗaya daga cikin matan motar, ta ce daga taga. "Ni ko sunan jikokina ba na riƙewa, balle na tukunya."

Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri.

"Ni na riƙe ki a coci ranar baftismarki," in ji Doña Cuca. "Kina tsala ihu, kika jiƙa min sabuwar riga."

"Na sani, Madrina. Duk Kirsimeti kina faɗa."

"To ji wanda ban taɓa faɗa ba. Ko inji ya shiga baya ke ki shiga gaba, ko ku zauna nan ku biyu."

Don Lencho ya leƙo. "Cuca, rana na yi. Akwai gidaje uku a gaba."

Nayeli ta gyara riƙon injin. Ya fi yaron goye nauyi, gindinsa kuma ya fara cizon hannunta. Ta san nisan gada daga nan, ta kuma san abin da mahaifiyarta za ta ce. Ta ja da baya ta hau gefen titi.

"Sa min albarka, Madrina."

Doña Cuca ta buga ƙofar baya, ta zagaya ta shiga. Sai da motar ta fara tafiya hannunta ya fito ta taga, ya zana alamar gicciye cikin sauri kamar mai korar ƙuda, ya koma ciki.

Unguwar ba a yi ta don masu tafiya a ƙafa ba. Nayeli ta bi gefen ciyawar gidajen, tana wuce tebura cike da kayan da a wata Asabar da ta tsaya ta juya. Ta hango takalman aiki masu kyau a wani gida, ta kau da kai. Ta ɗauki injin a ƙirji, ta mayar da shi kafaɗa, ta sauke shi a kan ƙugu, igiyar wutarsa tana dukan gwiwarta. Inda ta sami inuwa sai ta ajiye shi ta zauna a kansa. Wani mai wanke mota ya tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau, ta tambaye shi tashar bas.

Direban bas ɗin ya dube ta ya dubi kayan. "Za ki yi mana kek a hanya?"

"In ka kai ni gada da wuri."

Ta zauna da injin a cinya har cikin gari. Daga inda bas ya sauke ta zuwa gadar Santa Fe shaguna ne jere, da masu komawa gida ɗauke da jakunkuna. A ƙofar juyawa ta bakin gada injin ya maƙale. Ta tura, ya ƙi. Mutane suka fara taruwa a bayanta.

"Ɗaga shi sama, yarinya, kamar mutum-mutumin waliyyi a ranar zagayen coci. Kawo gindin."

Wata mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, da furfura a gaban goshi. Suka ɗaga shi tare ya tsallake. A kan gadar, inda hawa ya fi tsauri, matar ta kama gefe ɗaya ba tare da an roƙe ta ba. Ta ce sunanta Herlinda, kek take yi na biki da na zagayowar haihuwa a gidanta, kuma da hannu take kwaɓawa tun injinta ya ƙone.

"Dubi nan." Ta nuna wuyan hannunta da ya kumbura. "Sabo ya fi ƙarfina. Wannan na tsohon ƙira ne, irin wanda ba ya mutuwa. Na sayarwa ne?"

"Na sayarwa ne, seño," in ji Nayeli cikin girmamawa.

"Yana aiki?"

"A gabana aka jona shi."

"To ina kwanon?"

Nayeli ta tsaya cak a tsakiyar gada. Ƙarƙashinsu kogin ya zama ɗan siririn ruwa a cikin siminti, motoci kuma sun yi layi suna huci. Ta ga jakar takardar a idonta, ta ga hannun Don Lencho yana tura ta tsakanin kwalaye. Kwanon da maburgan duka suna bayan motar Doña Cuca.

Dariya ce ta fara zuwar mata, wadda ba ta da daɗi. "Yana wurin uwar baftismata."

"Sai ki karɓo."

"Yau muka ɓata. A kan wannan injin."

Herlinda ta yi tsaki mai tausayi. "Babu kwano, wannan ƙarfen tokare ƙofa ne kawai. Kwanon wani ba ya zama a kansa, ni na sani, na gwada. Ba ni wayarki." Ta sa lambarta da yatsa ɗaya. "In kin haɗa su, kira ni kafin ki kai kasuwa. Kuma in kina tsallakawa kullum, ina neman farantan gasa kek masu kauri. Ba na gwangwani ba."

A wurin jami'an kwastan Nayeli ta danna maɓalli da gwiwar hannu, fitila ta ba da kore, alamar wucewa ba bincike. Ta shiga Juárez, ta hau bas na biyu a tsaye.

Mahaifiyarta na guga a tsakar gida lokacin da ta shigo ta dire injin a kan tebur. Labarin ya riga ta isowa, Socorro ta yi waya tun daga tsallake.

"Ki kira ta," in ji uwar, ba ta ɗago daga guga ba. "Ki ce rana ce ta buga miki kai."

"Ba rana ba ce, Mama."

"To mene ne? Digirin? Matar nan ita ta saya miki takalmin shiga jami'a."

"Ban manta ba. Na kuma biya takalmin nan da wandunan da na tsinto mata, sun fi ɗari."

"Yanzu ga ki da inji babu kwano, ita da kwano babu inji. Kun yi kyau ku biyu. Kai ɗaya gare ku, shi ya sa ta zaɓe ki tun kina cikin zani."

Nayeli ta ɗauki wayarta. Sunan Madrina na nan na biyu a jerin. Ta san yadda za a yi: za ta gaishe ta, a yi shiru, ta ce ta yi kuskure, gobe injin ya hau teburin Doña Cuca da kwanonsa, Asabar mai zuwa kuma kujerarta a motar na jiranta. Ba abu ne mai wuya ba. Ta daɗe tana kallon sunan, sannan ta kife wayar. Ta ɗebo ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori, ta zauna tana cire busasshiyar fulawar da ta maƙale a wuyan injin. Jan fentin ya fito yana sheƙi. Uwar ta kalle ta, ta ci gaba da guga da ƙarfin da ya fi na ɗazu.

Rana ta yi sanyi, yara sun fito ƙwallo a titi, sai aka ji tsayuwar mota a ƙofa. Don Lencho ne shi kaɗai. Ya shigo riƙe da kwanon ƙarfen da hannu biyu, an rufe shi da farin ƙyalle mai surfanin furanni, jakar takardar kuma a hammatarsa.

"Ina wuni, comadre," ya ce wa uwar. "Ina mai taurin kan?"

"Ga ni, Padrino," Nayeli ta amsa wa uban baftismarta.

Ya ajiye kwanon kusa da injin. Nayeli ta ɗaga ƙyallen. Nama ne dafaffe cikin jan barkono, har yanzu yana tururi.

"Ta ce kwano babu inji yana tare mata wuri," in ji Don Lencho. "Na ce to in kawo. Na kai ƙofa ta kira ni, wai ita ba a haife ta a gidan da ake aika kwano fayau ba. Ta tsayar da ni sai da naman ya nuna."

Uwar ta sa hannu a baki.

"Akwai saura," ya ce, yana kallon hularsa. "Kujerarki ta ba ƙanwar Socorro."

"Har yaushe?"

"Kin san ta, mija. Ni shekara nawa ina tuƙa ta, ban taɓa ganin ta sa giyar baya ba." Ya juya zai fita, ya tsaya. "Ƙyallen kuwa nata ne. Ta ce a maido."

Bayan ya tafi uwar ta ninke ƙyallen a hankali. "Shi ma ba za a maida shi haka ba. Sai an naɗe wani abu a ciki."

"Zan kai da kaina. Ba wannan makon ba."

Suka juye naman a tukunya. Nayeli ta wanke kwanon, ta goge, ta ɗora shi a mazauninsa ta murɗa. Ya zauna daram. Ta jona injin, maburgin ya fara zagayawa cikin kwanon da babu komai, ta kira Herlinda ta kara wayar a jikinsa.

"Kin ji shi, seño?"

"Na ji. Kada ki nuna wa kowa. Gobe bayan coci ina nan tafe."

Uwar ta ɗumama tortilla, gurasar masara, suka zauna cin naman Doña Cuca. Nayeli ta ɗauki cokali, hannunta na dama ya ƙi ɗaguwa. Tun daga wuyan hannu zuwa kafaɗa jikinta ya yi shatin gindin inji. Ta koma ci da hagu.

"Asabar fa?" in ji uwar.

"Zan sayi keken jan kaya da kuɗin gobe. In fita da asuba, in bi layin masu ƙafa."

"Unguwannin masu kuɗi bas ba ya zuwa."

"Na sani."

Ta san sauran ma. Daga yau babu mota, babu inuwa, babu hirar Socorro a hanya. Inda bas ya tsaya nan kasuwarta ta tsaya, abin da hannunta zai iya ja shi kaɗai za ta tsallako da shi, kuma ranar Lahadi teburin uwar baftismarta zai kasance a layi ɗaya da nata, ba lallai a amsa gaisuwarta ba. Ta yagi tortilla ta dangwali romon. Barkonon ya ji, kamar yadda Madrina ke yinsa kullum.