Ƙulli Uku da Jan Zare

Ni dai mutum ya ce mini "ban sani ba" da sauri, to na fara zarginsa ke nan. Haka Allah ya yi ni, gudun hijira kuma ya ƙara mini.

Sunana Rahinatu, ɗinkin hula nake yi a unguwar Jekadafari. Da sana'ar na taho daga Bama shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da gari ya watse kowa ya yi ta kansa. Tun ranar ban sake jin ɗuriyar yayata, Ya Kadijatu, ba. Mu biyu kaɗai mahaifiyarmu ta koya wa alamar gidanmu: in an gama hula sai a juya ta, a yi ƙulli uku da jan zare a can ciki, na tsakiyan a karkace.

Wata Laraba na kai huluna wurin Salahuddeen, mai wankin hula da sayarwa, sai idona ya faɗa kan wata da ya shanya. Na ɗauka, na juya ta. Ƙulli uku, na tsakiya a karkace, zaren sabo fil. Ba kuma hannuna ba ne, don ni ba na matse zare haka.

"Malam, wa ya ɗinka wannan?"

"Ban sani ba."

"Kai ka saro ta, ka ce ba ka sani ba?"

"Hajiya, ke ma fa mai hula ce. In nuna miki inda nake saro kaya, gobe ki riga ni?"

Biri ya yi kama da mutum. Shekara biyar yana jujjuya hulunana a ruwan kumfa, wa zai hana shi ganin alamar ya kai wa wata ta kwaikwaya? Abin da ya rage mini na uwata ke nan a duniya, shi ma za a mai da shi na kowa. Ko kuwa Ya Kadijatu ce? Wannan tunanin na danne shi, don na sha sa rai ina komowa da kuka.

Kwana huɗu ina fakonsa. A na biyar ya hau keke, na tari wani mai keken na bi shi har unguwar Dawaki. Ya shiga wani gida, ya fito da ƙunshi, ni kuma na faɗa gidan ko sallamar kirki babu.

Wata mata 'yar Ibo na tarar a kan tabarma, allura a hannu, huluna jere a gabanta. Maman Somadina ake kiranta, daga baya na ji. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fizgi hula ɗaya na juya ta a gabanta.

"Wa ya ba ki wannan? Wa ya sayar miki da alamar gidanmu?"

Na zaci za ta taso mini da faɗa. Sai ta ajiye allurar, tana kallon hannuna, idonta ya ciko.

"Shekara shida muna aika hulunan nan kasuwa," in ji ta. "Kowa bayan hula yake dubawa. Wadda ta koya mini ta ce duk ranar da wata ta shigo ta juya hula kafin ta gaishe ni, kada in bar ta ta fita." Ta ɗaga murya. "Ya Kadija! Fito."

Labule ya motsa. Wata mata ta fito tana lalube da bango, idanunta sun yi fari. Ashe da ganinta ya tafi ne ta koya wa maƙwabciyarta, har da ƙullin.

Na zaro hular da na gama ɗinkawa daga jaka na sa mata a hannu. Ta juya ta, yatsunta suka bi ciki a hankali, suka tsaya.

"Rahinatu," ta ce. "Har yanzu ba kya matse na tsakiyan."