Dakta Ba Ya Mura

Dakta ya gatsa tumatirin a tsakiyar kasuwa, ruwan ya gangaro masa har wuyan riga, matan da ke sayar da kayan miya suka ja da baya kamar zai fashe. Ƙuruciyarsa kaf a kan tumatirin nan ta ƙare. A cibiyar bincike ya gyara masa ƙwayar halitta guda don ya daina ruɓewa a kwando, cibiyar kuwa ta ce in kasuwa ba ta karɓa ba, rufe aikin za a yi.

Shugabar matan, wadda kowa ke kira Uwar Kasuwa, ta saurari dogon bayaninsa tana sakace. Ta ce ita ba ta san wata ƙwayar halitta ba, jikin mutum ta sani. Ya je ya yi ta ci kullum har damina ta wuce, su za su zuba ido.

Ido kuwa sun zuba. Ya yi tuntuɓe a bakin layi, kafin ya isa ofis har an ce tumatir ya fara cin ƙafarsa. Sanƙon da ya gada tun daga kakansa ma tumatir aka ɗora wa. Nan bawan Allah ya gane cewa shi da rashin lafiya sai dai a ɓoye.

Ana haka mura ta shigo unguwa. Ta kwantar da tela, ta kwantar da mai aski, ta kai Uwar Kasuwa ƙasa, shi ma Dakta ta yi masa kamun kazar kuku. Sai ya koma yin atishawa a banɗaki, famfo a buɗe, fuska cikin tawul. Matarsa ke zuwa wata unguwa ta sayo magani, ta cusa a ƙasan jaka. Da safe ya fito yana rabon murmushi alhali kansa kamar ana daka, in tari ya taso a hanya ya haɗiye shi har idonsa ya kawo ruwa. Matar tana tausayinsa ƙwarai, amma ba ta fasa dariya ba. Ta ce ita dai ta ga aure, miji na ɓoyon majina kamar kayan sata.

Ranar da za a yanke magana ya tashi garau, ya nufi kasuwa yana jin daɗin kansa. Uwar Kasuwa ta fyace hanci, ta dube shi sama da ƙasa.

“Ɗana, mun gode, amma ba za mu sayar da shi ba.”

“Mama, me kuka gani a jikina?”

“Abin da ba mu gani ba ne ya tsorata mu. Murar nan ba wanda ta bari, har jarirai. Kai kaɗai ko tari babu. Anya jikin nan na mutum ne har yanzu?”

Dakta ya rantse ya maya cewa duk unguwar ba wanda ya kai shi shan wuya. Suka tambayi wanda ya gani. Ya dafa ƙirji ya ƙaƙaro tari, amma maƙogwaron nan fes, abin da ya fito ko yaro ba zai yarda da shi ba.

Uwar Kasuwa ta girgiza kai cikin tausayi, ta tura masa kwandon tumatirinsa.

“Je ka, ɗana. In Allah Ya sa ka kwanta, a aiko mana.”