Garin Aduwar Daktora Ruqaya

Tun da yaƙi ya koro ta daga birnin Madani ta dawo gidan mahaifinta a garin Mai Wurno, Ruqaya ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, an jima ta sake sharewa. Ta fita bakin kogi, ta dawo ba ta san abin da ya kai ta ba. Shekara goma sha huɗu ta yi a jami'a tana bincike kan itatuwa da ciwon sukari, ta fitar da maƙala goma sha ɗaya, bakwai daga ciki a kan aduwa. Yanzu ɗakin gwajin yana can baya, da ɓerayenta da kwalabenta, kuma ba wanda ya san ko akwai abin da ya rage a ciki. Jaka ɗaya ta fito da ita, sai waya da 'yar na'urar awon sukari.

Mahaifinta, Malam Abdulmuttalib, bai taɓa karanta maƙalarta ko ɗaya ba, amma duk wanda ya zauna da shi ƙarƙashin rumfa sai ya ji cewa ɗiyarsa ta yi rubutu a kan aduwa har an buga a ƙasashen waje. A nan Ɗanjuma ya ji. Ɗan baffanta ne, ya girme ta da shekara shida, yana sayar da kayan yaji a kasuwa. Wata safiya ya zo shan gahawa, ya ce, "Daktora, wai mi kinka gano cikin aduwag ga?"

Wata biyu ke nan ba wanda ya yi mata irin wannan tambaya. Ta gyara zama ta shiga bayani: yadda suke tatsar sinadarin daga naman aduwa, yadda suke ba ɓerayen da aka sa wa ciwon, yadda sukarinsu ya sauka cikin mako huɗu. Ta yi ta magana har gahawar ta huce. Ɗanjuma yana gyaɗa kai kawai.

Bayan mako uku, da hantsi, Inna Hindu maƙwabciyarsu ta faɗo gidan mayafinta a hannu.

"Ɗiyata, taho ki duba Sakina. Tun jiya take amai, ba ta ma gane ni sosai."

Sakina, ɗiyar Inna Hindu, malamar firamare ce, shekarunta ashirin da shida, tun tana ƙarama take yi wa kanta allurar insulin. Ruqaya ta same ta kwance a kan gadon igiya, leɓɓanta sun bushe, tana jan numfashi mai zurfi kamar wadda ta yi gudu. Ta soka mata yatsa ta ɗiga jinin. Na'urar ta kasa nuna lamba saboda hawan ya wuce iyakarta.

"Yaushe rabonta da allura?"

"Kwana ukku," in ji Inna Hindu. "Kwalba ɗaya da rabi ta rage, ba a samu ko'ina. Ta ce ta aje ta don gaba, tunda ga maganinki ya fito."

"Wane maganina?"

Tsohuwar ta miƙo mata ƙullin leda, da gari ja-ja a ciki. An liƙa takarda da rubutun hannu, da Larabci: Maganin sukari na Daktora Ruqaya.

Ruqaya ta cusa ƙullin a jaka, ta ce a ɗauko kwalaben insulin ɗin daga gindin randa inda Sakina ke ajiye su saboda sanyi. Sambo, mijin Sakina, ya ruga tasha ya roƙi wani direba ya bar layi. Suka shimfiɗe ta a kujerar baya, kanta a cinyar Ruqaya. Hanyar Sinnar, inda asibiti yake, gajeruwa ce, amma ranar cike take da motocin 'yan gudun hijira da katifu ɗaure a sama. Ruqaya tana ta kiran sunan Sakina don kada ta sume, tana leƙa taga, tana cewa direba ya ratse ta gefe.

A asibiti babu gado. Aka kwantar da Sakina a tabarma a baranda, aka rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa. Likitan, wanda da gani ya kwana biyu bai huta ba, ya karɓi kwalaben ya ce da ba su zo da su ba, da bai san abin da zai yi ba. Ruqaya ba ta zauna ba. Ta je ƙarshen baranda ta dawo, ta ƙirga ɗigon ruwan, ta sake tafiya. Sai bayan la'asar Sakina ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Washegari Ruqaya ta bar Sambo da Inna Hindu a can, ta sauka a tasha ta wuce kasuwa kai tsaye. Ƙullayen suna jere a gaban teburin Ɗanjuma, tsakanin citta da hulba.

"Yaya, wa ya ba ka izinin sa sunana a nan?"

"Ke kinka gaya mini da bakinki. Kinka ce sukari ya sauka."

"Na ɓeraye! Sau nawa na ce ɓeraye? Ba a taɓa gwada shi a jikin mutum ba. Sakina ta kusa mutuwa jiya."

Fuskarsa ta canza, amma bai sunkuyar da kai ba. "To mi za su sha? Tahi kantin magani ki gani. Babu allura, babu ƙwaya, babu wuta balle firij. Mutane na zuwa nan suna kuka. Ke shekara nawa kina rubutu? In bai yi wa kowa amfani yau ba, yaushe za shi yi?"

Mutane sun fara taruwa. Ruqaya ta san matakan da suka rage kafin a ba mutum wannan sinadari, ta san shekarun da za su ci, ta kuma san ba wanda ke tsaye a nan da zai iya jira. Sai ta juya ga mutanen ta ɗaga murya, da Hausa sannan da Larabci: duk mai allura kada ya bari ko yini ɗaya, wannan gari ba nata ba ne, wanda ke da ciwon ya zo gidan Malam Abdulmuttalib gobe kafin ya karya. Ta kwashe ƙullayen ta yayyage takardun. Ɗanjuma bai hana ta ba.

Mutum ashirin da uku suka zo. Ta zaunar da su a rumfa, ta ware masu allura su biyar, ta rubuta sunayensu da abin da ya rage wa kowa. Sauran ta yi musu magana kan shayi mai sukari cokali huɗu, da yawan tuwo, da duba ƙafa kullum. Tsinken awon sukarinta goma sha shida ne kacal, sai ta auna waɗanda suka fi galabaita. Wani tsoho ya tashi yana gunaguni cewa ya zo neman magani an ba shi wa'azi.

Sakina ta dawo gida bayan kwana huɗu, ta rame, da insulin ɗin da bai wuce na mako uku ba. Ɗanjuma ya ci gaba da sayar da garin aduwa babu suna a jiki, ana kuma saye. Ya daina zuwa shan gahawa, abin ya dami Malam Abdulmuttalib ƙwarai, har ya ce wa Ruqaya da ta kira yayanta gefe, ba a gaban kasuwa ba. Ta ce ta ji.

Ranar Asabar labari ya zo cewa wata ƙungiyar agaji ta sauke magani a garin Sinja. Ba wanda ya tabbatar. Ruqaya ta ninke takardar sunaye biyar ɗin, ta nemi ƙaramin tulu ta naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma don riƙe insulin da sanyi, ta tafi tasha. Motar ba ta cika ba, saura mutum huɗu. Ta shiga ta zauna, ta fito, ta zagaya motar, ta tambayi direba ko za a tashi kafin azahar. Ya ce in Allah ya kawo mutane. Ta tsaya a bakin hanya da tulun a hannu, tana tare duk wanda ya doso tashar tana tambayarsa ko Sinja zai je.