Tagar Disket

Ni Alƙasum, ni ke riƙe da uwar disket, faifan kwamfutar da kowa ke kwafa daga gare shi, kuma ban ɓoye muku, na ji daɗin wannan girma.

A 1997 ne Manzo, malamin asibiti a nan Tawa, ya rubuta ɗan porogaram na kwamfuta mai jera sunayen yaran da za a yi wa allurar rigakafi. Ya ce na kowa ne. Munka zauna munka raba aiki: kowa na iya kwafa, kowa na iya kawo gyara, amma sai Manzo da abokin aikinsa Mamman sun duba sun sa hannu. Sannan ni kaɗai in buɗe 'yar tagar nan da ke hana rubutu bisa uwar disket, in shigar da gyaran.

Sai ga Kadidiya, ungozoma daga wajen Tebaram, da gyaranta. Porogaram ba ya karɓar yaro sai da sunan ƙauye, 'ya'yan Buzaye kuwa rijiya suka sani. Tana son a buɗe gurbin rijiya kafin makiyaya su tashi arewa, in ba haka ba yaransu ba su shiga jeri bana. Manzo ya sa hannu. Mamman kuwa ya tafi noma Affala.

Na ce mata hannu biyu doka ta ce. Ta ce ruwa ya sauka, mutane na ɗaure kaya. Na ce ba ni na saukar da ruwan ba. Wallahi haka na faɗa, har yau ina jin kunyar maganar.

Mamman ya dawo bayan wata biyu ya sa hannu. Ranar da Kadidiya ta shigo gari na tare ta da albishir, ina ta washe baki.

Ashe tun ranar da na hana ta, ta kwafi nata, ita da Manzo sunka gyara, yara saba'in sunka samu allura bakin rijiya. Yanzu ma nata kowa ke kwafa.

"Muna neman mai dubawa," ta ce. "Kana da ido, Alƙasum. Amma tagar, mu ukku ke buɗe ta yanzu, ni da Manzo da Mamman."

Na ce to. Uwar disket na nan cikin akwatina, tagarta rufe, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Babu wanda ya sake tambayata ita.